Yadda Tsohon Soja Zai Tsara Tambarinsa, Daga Garkuwa Zuwa Take

A shekarar 2004 ofishin Lord Lyon, mai kula da tambura a ƙasar Skotland, ya yi wa Janar Colin Powell rajistar tambari. Mutumin nan ya yi shekara 35 cikin kaki, ya je yaƙin Biyetnam sau biyu, ya shugabanci hafsoshin Amurka daga 1989 zuwa 1993, daga baya ya riƙe ma'aikatar harkokin waje. Lambobin da ke ƙirjinsa sai an tsaya ƙirgawa. Amma da aka zo garkuwarsa, ga abin da ke ciki: shuɗin fili, fararen takubba biyu a gicciye tsininsu na kallon ƙasa, fararen taurari huɗu kewaye da su, sai farin layi mai faɗi a sama, jan zaki na tafiya a cikinsa. A bisa kwalkwali kuma kan mikiyar Amurka. Taurarin na muƙaminsa ne, mikiyar ta runduna ta 101 ce, ta masu dirowa da laima, inda ya taɓa jagorantar birged. Iyakarta ke nan.

Da wannan na fara domin kuskuren da kusan kowane ɗan mazan jiya ke yi idan ya zauna tsara nasa shi ne ya mai da garkuwa takardar sallama: kowace bataliya, kowace ƙasa, kowace lamba sai ta samu gurbi. Tambari kuwa abin gado ne. 'Ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba za su ɗauke shi. Saboda haka abin da ya shiga garkuwa dole ya zama wanda za su iya riƙewa ba tare da sun yi ƙarya ba, abin da ke na mai kaki shi kaɗai kuwa a rataye shi daga waje. A kan wannan duk matakan da ke ƙasa suka tsaya.

Kafin mu shiga, a san sassan. Dubi tambarin Najeriya da ke jikin kuɗi da fasfo. Baƙar garkuwar da ke tsakiya mai farar mahaɗar kogin Kwara da Binuwai ita ce zuciyar tambarin. Jar mikiyar da ke sama ita ce abin da zan kira zanko. Murɗaɗɗen ƙyallen nan kore da fari da take tsaye a kai, kamar gammo, shi ne naɗi. Fararen dawakin biyu masu riƙe garkuwa, mu ce musu zagage. Rubutun da ke ƙasa shi ne take. Tambarin mutum ɗaya yana ƙara kwalkwali tsakanin garkuwa da zanko, da mayafi mai saukowa daga kwalkwalin ta gefe biyu. Al'adar ta taso ne a Turai cikin ƙarni na 12, lokacin da barade suka rufe fuska da ƙarfe har ba a gane wane ne wane sai ta zanen garkuwa, kuma masu shelar sunayensu a filin wasan mashi, wato sankirorinsu, su suka zama masanan wannan fanni.

Mataki na 1: San ƙasar da kake, da wanda ke da iko

Wannan yana zuwa kafin fensir. A Ingila da Wels da Arewacin Ayalan, Kwalejin Tambura ta Landan, wadda Sarki Richard na III ya kafa a 1484, ita ke bayarwa. Mai nema yana rubuta takardar roƙo zuwa ga mai muƙamin Earl Marshal, muƙamin da ya zama gado a gidan Duke na Norfolk. Idan an amince, sai ɗaya daga cikin jami'an kwalejin ya zauna da shi su tsara, a ƙarshe a ba shi takarda ta fata, zanen hannu, da hatiman manyan jami'ai. Zama hafsan soja yana daga cikin abubuwan da ake dubawa wajen cancanta, haka digirin jami'a da hidimar jama'a. Kuɗin ba wasa ba ne, dubban fam ne, aikin kuma yana cin watanni.

A Skotland abin ya fi tsanani. Ofishin Lord Lyon kotu ce sosai, tana da mai gabatar da ƙara nata, kuma tun 1672 akwai kundin da dole kowane tambari ya shiga. Amfani da wanda ba ya cikin kundin saɓa doka ne. Powell ya samu shiga ta wajen mahaifinsa, wanda aka haifa a Jamaika tana ƙarƙashin Ingila: da sunan uban aka bayar, ɗan ya gada. Kanada ta kafa tata hukumar a 1988. Afirka ta Kudu tana da ofishi a Pretoria tun 1963, Kenya ma tana da tata.

Amurka kuwa ba ta ba ɗaiɗaikun mutane. Cibiyar tambura ta sojan ƙasa da ke Fort Belvoir a jihar Bajiniya tana yi wa rundunoni da hukumomin gwamnati ne kawai. Tsohon soja a can shi ke tsara nasa ya fara amfani da shi. Haka abin yake a duk inda babu hukumar da ke bayarwa, kuma ba abin kunya ba ne: baraden farko ma ba wanda ya ba su, ɗauka suka yi. Sharaɗin kawai kada ka ɗauki na wani.

Ka kuma tsare kanka daga masu sayar da wai tambarin zuriya a intanet, inda za ka rubuta sunan mahaifi a fito maka da garkuwa. A al'adar Ingila da Skotland tambari na mutum ne da magadansa, ba na duk mai suna ɗaya ba. Kamar a ce duk mai suna Bello ya gaji hatimin Sarkin Musulmi ne.

Mataki na 2: Cika takarda, sannan ka yanke

Ɗauki takarda ka raba ta uku. Kashi na farko: asali, wato gari, sana'ar gida, ma'anar suna ko laƙabi. Na biyu: aikin soja, wane ɓangare, wace runduna, ina aka je, me hannunka ya fi yi. Na uku: abin da ka zama bayan ritaya. Idan wa mahaifinka kake tsarawa, kada ka tambaye shi lambobinsa, suna cikin akwati. Tambaye shi ranar da ba ya mantawa. Sau da yawa abin da zai faɗa ba ya cikin takardun bariki.

Bari mu yi misali da mutumin da za mu bi har ƙarshe. A ce ga manjo mai ritaya daga ɓangaren injiniyoyin soja. Ɗan manomin gero ne daga wani gari a bakin kogi, ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG, ya kuma sa shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya a wani zuwan. Takardarsa za ta cika: anini, gada, nakiya, katafila, taswirar Laberiya, tutoci, hula, kwale-kwale, gero, lambobi shida. Yanzu sai a yanke, a bar abu uku, in ya yi yawa. Ɗaya daga asali, ɗaya daga aiki, na ukun in ya ƙi fita. Manjonmu ya riƙe kogi da gada da damin gero.

Wanda ya ƙi yankewa ya dubi abin da ya samu Admiral Nelson, babban hafsan sojan ruwan Ingila. Garkuwar gidansu mai sauƙi ce, baƙin gicciye a kan ruwan zinari. Nasarori suka zo, aka yi ta ƙari: bama-bamai uku masu ci da wuta a kan layi, sannan bayan yaƙin bakin Nilu na 1798 aka ɗora hoto guda a sama, teku da bishiyar dabino da lalataccen jirgi da rusasshiyar ganuwa. Zanko biyu aka yi masa, ɗaya tuntun lu'ulu'un da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Salim na III ya ba shi, ɗaya bayan jirgin Sifaniya da ya kama. Da ya mutu a 1805 aka ƙara wa magajinsa kalmar Trafalgar, sunan yaƙin da ya mutu a cikinsa, ɓaro-ɓaro a tsakiyar garkuwa. Jarumtarsa ba mai musu, amma masana fannin har yau da tambarinsa suke misalin yadda ba a yi.

Sai ka gwada shi da na Janar Eisenhower na Amurka. Da Denmak ta ba shi lambar girma ta Giwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka buƙaci garkuwarsa don a rataye a fadar Frederiksborg. Mutumin da ya jagoranci saukar sojojin ƙawance a Normandi ta Faransa ya sa shuɗiyar uwar maƙera guda ɗaya a kan ruwan zinari, domin sunan gidansu da Jamusanci yana nufin mai saran ƙarfe. Taurarinsa biyar suka koma can sama a zanko. Idan sunanka ko laƙabin gidanku yana da abin zanawa, ka yi sa'a, fara da shi. Mai laƙabin Giwa ko Zaki ko ɗan gidan maƙera ba ya buƙatar wahalar da kansa.

Mataki na 3: Launi

Launukan kashi biyu ne. Ƙarafa biyu: zinari, wanda ake zanawa da ruwan ɗorawa, da azurfa, wato fari. Rinannu biyar: ja, shuɗi, kore, baƙi, shunayya. Doka ɗaya ce, kuma ita ce uwar fannin: ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a ɗora rini a kan rini. Jan takobi a kan kore bai halatta ba, haka farin tauraro a kan ruwan ɗorawa. Dalilin na filin daga ne, a gane ka daga nesa cikin ƙura. Duba lambar mota ko alamun bakin titi, da wannan hikimar suke aiki.

Za ka ga jadawali a wurare da yawa cewa ja jarumta ne, shuɗi amana, kore fata nagari, baƙi juriya. Marubutan baya ne suka ƙaga, ba doka ba ce, kuma jami'an tambura ba sa aiki da ita. Launi yana nufin abin da mai tambari ya ce yana nufi. Sojan ruwa zai ɗauki shuɗi don teku, wani ya ɗauke shi don hular kiyaye zaman lafiya, wani don ɗan gidan marina ne. Hanya mafi ma'ana ga tsohon soja ita ce ya ari launin rundunarsa, na ɗamara ko na hula, ya bar bajon kansa. Launi biyu ko uku sun isa. Manjonmu ya ɗauki kore a fili, fari a kogi, zinari a gada da gero.

Mataki na 4: Abin da zai hau garkuwa

A nan aikin yake, a nan kuma za mu daɗe.

Fara da manyan layuka. Akwai mai faɗi a sama irin na Powell, akwai na kwance a tsakiya, na tsaye, na karkace kamar ratayar takobi, gicciye, da mai kusurwa irin igiyar kofur da saje. Gefen layin ma yana magana: mai lanƙwasa ruwa ne, mai haƙora irin na ganuwa kagara ce ko tsaron gari. Da layi ɗaya mai haƙora za ka faɗi abin da hoton bariki guda ba zai faɗa ba. Ga wani abin dariya ga sajajoji: wanda ya ce zai sa jajayen igiyoyi uku a kan ruwan zinari, gidan de Clare na Ingila sun riga shi da shekara fiye da 800. Sai ya sauya launi ko ya ƙara wani abu.

Dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ne, ba na mai kallo ba. Abin da aka ce yana dama, a hagunka za ka gan shi. Dabba kuma dama take fuskanta sai in an faɗi akasin haka.

Makamai: takobi, mashi, kibiya, gatari, tsohuwar igwa, bam mai harshen wuta wanda 'yan igwa da injiniyoyi suka daɗe da shi, anka ga sojan ruwa, fukafukai ga na sama, ƙaho ga dakarun ƙafa masu sauri, walƙiya ga 'yan sigina. Tsinin takobi sama aka saba. Wanda ya juyar da shi ƙasa yakan ce ya ajiye yaƙi ne, amma wannan ma fassarar mai shi ce. Shawarata ka guji bindigar zamani da tankar yaƙi da jirgi mai saukar ungulu. Ba a hana ba, sai dai suna tsufa, kuma idan aka ƙanƙanta su a hatimi ba ka ganin komai sai dunƙule. Takobi bai tsufa ba har yau. In kuwa takobi za ka sa, me zai hana ya zama namu, miƙaƙƙe mai faɗi irin na hawan salla, maimakon na Bature? Hukumomin Kanada da Afirka ta Kudu sun daɗe suna karɓar kayan gargajiyar mutanensu, har da siffar garkuwar Afirka a wajen ta biyun.

Mafi kyawun darasi a wannan babi yana cikin yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda dubban Hausawa suka je. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma baƙin gizo ta ɗauka a kan ruwan ɗorawa, Anansi na tatsuniyoyin Ashanti, wanda mu muka sani da Gizo mijin Ƙoƙi: ƙarami ne, amma da wayo yake ka da manya. Runduna ta 82 kuwa mashi biyu ta gicciya a kan gammo. Gammo fa, na ɗan dako. Domin a dazukan da mota da alfadari suka gaza, a kai aka ɗauki harsashi da abinci. Wanda ya zaɓi wannan alama ya san aikin da aka yi, bai tafi neman zaki ba. Jikan wani da ya je Bama zai iya ɗaukar gammo ko gizo ko bishiyar kwakwar manja ta bajon RWAFF, rundunar Afirka ta Yamma ta zamanin Turawa, ya sauya launi da tsari, ya zama ishara ga kakansa.

Ishara ake yi, ba kwafi ba. Bajon runduna na runduna ne. Mikiya da tauraro mai kusurwa shida da rubutun Larabci na nasara daga Allah da ke bajon sojan ƙasa na Najeriya ba naka ba ne don ka yi shekara 30 a ƙarƙashinsu. Tambarin ƙasa akwai dokar da ta tsare shi. Alamar Majalisar Ɗinkin Duniya a tsare take. Likitan soja ya kula sosai: jan gicciye ko jan jinjirin wata a kan fari yarjejeniyar Janeba ta keɓe su, ba a sa su a tambarin mutum. Sandar da maciji ɗaya ya naɗe ita ce alamar likita da aka saba.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zanen mai rai ba, bai rasa komai ba, kuma yana da magabata. Sarakunan yaƙin Mamluk na Masar da Sham, daga 1250 zuwa 1517, suna da tamburansu a cikin da'ira, a jikin fitilu da ƙofofi da tasoshi. Galibi alamar aikin da mutum ya fara a fada ce: mai shayar da sarki ƙoƙo, magatakarda gidan alƙalami, mai riƙe makamai takobi, mai kula da wasan ƙwallon doki sanduna biyu. Sojoji ne, amma da aikin hannunsu suka yi tambari. Dagi, tauraro, rijiya, ƙofar gari, sirdi, likkafa, kwari da baka, duk suna zanuwa da kyau.

Manjonmu dai ya tsaya a kan gada mai baka uku ta zinari a sama, farin kogi mai lanƙwasa a tsakiya, damin gero a ƙasa. Babu makami ko ɗaya. Jikarsa malamar makaranta za ta ɗauke ta ba tare da an tambaye ta wace bataliya take ba.

Mataki na 5: Kwalkwali, zanko da zagage

Sojancin da aka hana shi shiga garkuwa a nan yake samun wuri. Zanko abu ne da ake ɗaurawa a kan kwalkwali na gaske, kamar gashin jimina a kwalkwalin 'yan lifida. Don haka ya zama abin da zai iya zama a ka: hannu riƙe da takobi, rabin dabba, kan tsuntsu, fukafukai. Ba jirgi yana shawagi shi kaɗai a iska ba. Naɗi da mayafi suna ɗaukar manyan launuka biyu na garkuwa, rini a waje, ƙarfe a ciki.

Akwai kambuna uku da suka shafi soja, waɗanda zanko ke iya fitowa daga cikinsu a madadin naɗi. Kambun ganuwa mai haƙora, wanda Rumawa ke ba sojan da ya fara hawa ganuwar maƙiya. Kambun ruwa, na filafilai da bayan jirage. Kambun sama, na fukafukai da taurari. A Ingila an fi barin su ga manyan hafsoshi. Inda babu hukuma ba mai hana ka, amma kofur da kambun janar kamar talaka ne da alkyabba. Shi kansa kwalkwalin yana da daraja a tsarin Ingila: rufaffe na baƙin ƙarfe na kowa ne, buɗaɗɗe na masu muƙamin Sir, mai sandunan zinari na iyayen ƙasa, wato masu muƙamin Lord. Ɗauki rufaffen.

Zagage kuwa ka bar su. Ana ba da su ne ga iyayen ƙasa da masu mafi girman lambobi. Fil Mashal Slim, wanda ya jagoranci Runduna ta 14 a Bama, da ya samu wannan dama sai ya tsayar da sojan Birtaniya cikin kakin daji a gefe ɗaya, sojan Gurka, ɗan ƙasar Nepal, a ɗayan. Na yaba da zaɓin, ko da yake ɗan Afirka ta Yamma da gammonsa ma ya ci a ce ya samu gefe.

Manjonmu ya sa hannu riƙe da gatari na zinari yana fitowa daga naɗi kore da fari.

Mataki na 6: Take

Gajere, kalma biyu zuwa biyar. Ba dole Latin ba, kowane harshe ana karɓa, boko ko ajami. A Skotland take yana hawa sama da zanko, a Ingila ƙasa da garkuwa, kuma magaji yana iya sauya shi. Bambanta take da kirari: kirari wani ke yi maka, wanda ya rubuta wa kansa "gagara gasa" a ƙofar gida ya ba da kansa ga 'yan dariya. Aya ko sunan Allah kuma ka yi tunani sau biyu, domin tambarin zai hau katin biki da ambulan waɗanda ƙarshensu bola. Manjonmu ya rubuta abin da yake ce wa direbobi idan ya gama gada: "A haye lafiya."

Mataki na 7: Lambobi da gado

Lambar girma da ta jarumta ana rataye su da ƙyallensu a ƙarƙashin garkuwa, mafi girma a tsakiya ko a dama. Manyan lambobi wasu kewaye garkuwar suke yi, kamar ta Bath da Ingila ta ba Powell a 1993. Lambobin halartar fage, waɗanda duk wanda ya je ya samu, a bar su a ƙirji ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ko na girman ma biyu ko uku sun isa.

Duk abin da aka rataya daga waje da mai shi yake tafiya. Ranar da ya rasu, magaji ya ɗauki garkuwa da zanko da take, ya sauke lambobin. Wannan ne ya sa tun farko aka ce anini da igiya kada su zama jigon garkuwa.

Yayin da uba ke raye, 'ya'ya suna ƙara ƙaramar alama. A tsarin Ingila babban ɗa yana sa wani ɗan layi mai ƙafa uku a sama, ya cire shi in ya gada, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro. Ka lura da wannan idan kana son wata da tauraro a garkuwarka: yi su manya, kada masani ya ɗauka kai ɗa na biyu ne. A Skotland ƙanne sai sun koma ofis an ba kowa bakin garkuwa mai launi dabam. A Kanada mace da namiji daidai suke gado. Inda ba doka, gidan da ke da ɗakuna da 'ya'ya da yawa gara uban ya rubuta yadda yake so tun yana da rai.

Mataki na 8: Rubuta, bincika, gwada

Tambari a shari'a rubutu ne, ba hoto ba. Kowane mai zane yana da damar ya zana shi da salonsa muddin bai saɓa wa rubutun ba. Jerin kuwa sananne ne: fili, babban layi, abin da ke kewaye da shi, sannan zanko, sannan take. Na manjonmu: "Kore, farin layi mai lanƙwasa a kwance, a samansa gada mai baka uku, a ƙasansa damin gero, duka na zinari." In bayanin garkuwarka ya ƙi shiga numfashi ɗaya, koma mataki na 2. Ka karanta wa wanda bai ga zanen ba ya zana. In ya fito da abin da kake nufi, rubutun ya yi.

Sai bincike. A 1385, lokacin da Richard na II ya kai yaƙi Skotland, barade biyu, Scrope da Grosvenor, suka iske kansu a sansani ɗaya da garkuwa iri ɗaya, shuɗi da layin zinari a karkace. Shari'ar ta kai 1390, ɗaruruwan shaidu suka yi rantsuwa, Grosvenor ya faɗi, ya koma damin alkama na zinari a kan shuɗi, wanda zuriyarsa ke riƙe da shi har yau. Manjonmu da daminsa na gero a kan kore, ga gada ga kogi, ya tsira. Kai ma fassara rubutunka ka nema a kundin Kanada da ke buɗe a intanet da littattafan tambura, ko ka tura wa ƙungiyoyin masu sha'awar fannin su duba maka.

Gwaji uku suka rage. Zana shi da girman sulalla ka ga ko ana gane shi. Manna shi a bango ka ja da baya taku 20. Sannan fitar da shi baƙi da fari, domin hatimi da zobe da sassaƙen ƙofa ba su da launi. Akwai tsarin da wani malamin kirista, Petra Sancta, ya yaɗa a 1638: ɗige-ɗige zinari, fili ba komai azurfa, layukan tsaye ja, na kwance shuɗi, na tsaye da kwance a haɗe baƙi, masu gangarowa daga hagun mai kallo zuwa damansa kore, masu akasin haka shunayya. Ba wa mai yin hatimi ko baduku ko mai ɗinkin aska wannan jadawalin tare da rubutun da zane ɗaya mai launi, ka kuma ce ya nuna maka samfuri a takarda kafin ya taɓa fata ko ƙarfe. Ajiye kwafin rubutun, da kwanan wata da sa hannunka da na shaidu biyu, a cikin akwatin da takardun fansho suke.